Ranar da Baba Tokuji Ya Datse Tessen

"Riƙe tsanin da hannu biyu, Fusae. In na faɗo a kanki zan faɗo, kuma ni ƙashi ne zalla, sai kin fi ni jin jiki."

Na riƙe. Baba Tokuji yana kan mataki na huɗu, da shekarunsa tamanin da huɗu, almakashin lambu a hannun dama, hagun kuma ya cusa shi cikin sarƙaƙiyar busassun rassa har gwiwar hannu. Ƙafafun wandonsa suna karkarwa daidai fuskata. Ban san ko sanyin Fabrairu ne ko ƙafafun ne da kansu ba.

"Baba, ka sauko mana. A kira masu aikin lambu su yi."

"Su zo su ce ta mutu, su tumɓuke ta, su dasa min wata 'yar yayi? Sunkuyar da kai, ga shi nan zuwa."

Wani ƙaton dunƙule ya ɓalle daga jikin indararo ya zubo ta gefena, da ƙura da tsohuwar sheƙar tsuntsu a ciki. Na yi tari har idona ya kawo ruwa. Shi ko a jikinsa.

Tessen ce, furen nan mai yaɗo da rassansa suke siri-siri da tauri kamar wayar ƙarfe. Matarsa, Inna Toshie, ita ta dasa ta a gindin shingen gora da ya raba gidansu da namu, shekara arba'in da ɗaya da suka wuce. Tun da ta rasu, shekara tara ke nan, ba wanda ya sa mata almakashi. Ta cinye shingen, ta kama indararo, ta haye rufin, ta zama bango guda tsakanin gidajen biyu. Daga ƙasa har sama da kan mutum ba ganye ba fure, sai busassun igiyoyi a cukurkuɗe. Ɗan furen da take yi can kan rufi take yin sa, inda hankaki ne kawai ke gani. Bara Baba ya ce guda shida ya ƙirga, shi ma sai da ya hau matakalar haikali ya leƙo.

Da ya gama da sama ya sauko, sai da ya jingina da bango ya daɗe yana mayar da numfashi. Sannan ya durƙusa a gindinta. Jijiyoyi biyar ne suka fito daga ƙasa, kowace ta kai kaurin babban yatsa, ɓawonsu duk ya tsattsage. Ya kankare ɗaya da farce ya ce in duba. Can ƙarƙashin toka-tokar akwai ɗan kore.

"Kin gani? Tana nan. Yanzu nemo min ido. Idona ba ya kai wa."

Na sunkuya na bi jijiyar da yatsa har na sami gaɓa mai 'yan ƙuraje biyu, sun ba juna baya, ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Wurin bai kai gwiwata tsawo ba. Ya ɗora bakin almakashin kaɗan sama da su.

"A nan? Baba, ai ba abin da zai rage."

"Abin da ya rage a da me ya tsinana?"

Ya matse da hannu biyu. Ƙarar ta yi kama da ta karyewar ƙashin kaza. Sau biyar na ji ta. Kafin azahar yaɗon shekara tara yana tare a tsakar gida, tsibi guda da ya fi ni tsawo, a gindin shingen kuma 'yan kututture biyar a tsaye.

"Shiga kicin ɗinki," in ji shi. "Tsaya inda kike wanke-wanke, ki faɗa min abin da kike gani."

Na zagaya na shiga. Shekaru da yawa tagar nan ba ta nuna min komai sai busassun rassa, har da rana sai na kunna fitila. Yanzu haske ya cika kwanon wanke-wanke. Na zuge gilashin.

"Ina ganin barandarka. Da labule. Da tebur, da hoton Inna Toshie a kan kanta."

"Ni fa?"

"Har da kai."

"To shi ke nan." Ya miƙo hannu ta saman shingen, mabuɗi ne ɗaure da jan zare. "Ƙarfe bakwai nake buɗe labulen nan, tun kafin ki san garin nan. Ranar da kika ga bakwai ta wuce bai buɗu ba, ki shigo. Kada ki tsaya sallama."

Ban karɓa ba. Na ce ya kira Yoshimi, 'yarsa tilo da ke aure a Nagoya. Ya ce Yoshimi tana fama da miji mai ciwon ƙoda, kuma daga Nagoya ba a hango labule. Sai ya gaya min abin da bai gaya mata ba. Sau biyu ya faɗi a watan jiya. Na biyun a banɗaki ne, ya farka kuncinsa a kan sanyin daɓe, bai san ko minti biyar ya yi ko awa biyar ba. Likita ya ce zuciyar ce, kuma ta wuce a taɓa ta.

"Ba mutuwar ba ce damuwata," ya ce. "Ba na son a yi min irin ta Mukai."

Na karɓi mabuɗin don kawai ya daina magana.

Mukai tsohon ma'aikacin jirgin fito ne, gida uku ƙasa da namu a kan matakalar. Unguwarmu a jikin dutse take, mota ba ta hawowa, daga titi zuwa ƙofata mataki ɗari da tamanin ne, kuma rabin gidajen da ke hanya ba kowa a ciki. A watan Agustan bara ya mutu a ɗakinsa shi kaɗai. Sai da ya kwana goma sha tara kafin mai kawo wasiƙa ya kira 'yan sanda. Mutanen da suka zo kwashe ɗakin sai da suka rufe hanci da baki, suka fito da tabarmin tatami a naɗe cikin leda. Baba Tokuji ne ya ɗinka tabarmin nan da hannunsa lokacin yana sana'a. Yana tsaye a bakin ƙofarsa aka wuce da su.

Ni kuwa tun ina yarinya matsoraciya ce. Ranar da mijina zai cika a asibiti, da numfashinsa ya canja, fita na yi na tsaya a baranda wai ina neman ma'aikaciyar jinya, alhali ga maɓallin kira a gefen gado. Da na dawo an riga an rufe masa fuska. Irin matar da Baba ya zaɓa ya ba mabuɗi ke nan.

Daga ranar da na karɓi mabuɗin safiyata ta lalace. Shida da rabi ina tsaye a gaban taga, shinkafa tana kan wuta, ni kuma idona yana kan wani labule ruwan ƙasa mai zanen ganye. In labulen ya motsa, siririn hannunsa ya ja shi gefe, ya ɗaga min yatsu biyu, sai in ji kamar an sauke min dutse. Kafin yamma dutsen ya dawo, don gobe ma akwai bakwai. Na daina zuwa wurin ƙanwata da ke tsallaken ruwa kwana. Mabuɗin na rataye shi a ƙusa kusa da ƙofa, daga baya na mayar da shi cikin aljihun tebur don ba na son ina haɗa ido da shi.

Ran sha biyu ga Maris bakwai ta yi labulen bai buɗu ba.

Na ce agogona ne ke gaggawa. Na kunna rediyo, mai labarai ya ce bakwai da minti huɗu. Na juye miya a kwano, na mayar da ita tukunya. Bakwai da kwata na ɗauki mabuɗin. Tsakanin ƙofata da tasa taku goma sha biyu ne, amma sai da na tsaya sau biyu. Na sa mabuɗin, ashe ma ƙofar a buɗe take.

"Baba?"

Takalmansa na fita suna nan a jere. Gidan yana warin turaren tsinke da man zafi. Na leƙa ɗakin kwana, shimfiɗa a naɗe. Kicin ba kowa, butar shayi da ɗuminta. Saura banɗaki, ƙofarsa a rufe. Na tsaya a gabanta, na ɗora hannu a kan mariƙin, na kasa murɗawa. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Tari na ji daga waje.

Yana tsugune a gindin shingen, daidai ƙarƙashin tagata inda ba na iya hangowa, ya yafa bargo a kan kayan barci. Ya fita ta ƙofar baya tun da asuba ya manta da labulen. Bai ma juyo ba.

"Sati uku," ya ce. "Ko motsi. Idanun nan ma kamar bushewa suke yi."

"Baba, ka san abin da ka yi min yanzu?"

"Na yi zaton na san aikin. Ashe Toshie ce ta sani, ni riƙe mata kwando kawai nake yi. Jiya na yi ta tunani, wataƙila ba haka take yi ba. Wataƙila jijiya biyu take yankewa ta bar uku zuwa baɗi." Ya taɓa kan kututture ɗaya. "In na kashe ta, da wane ido zan je in kalli matar nan?"

Na zauna a bakin barandar. Abin da na yi rabin shekara ina haɗiyewa sai ga shi ya fito.

"Ka karɓi mabuɗinka ka ba wani. Ni ban dace ba. Na ga ƙudaje a tagar Mukai, Baba. Daga ciki, sun yi baƙi a jikin gilashin. Na san ko mene ne. Na koma gida na rufe ƙofa, kwana huɗu ina zagayawa ta matakalar haikali don kada in sake gani. Ban gaya wa kowa ba."

Ya murza ƙasa tsakanin yatsunsa.

"Na sani," ya ce. "Na ga kin canja hanya. Ni shida na yi."

"Shida me?"

"Kwana shida. Na riga ki gani da kwana biyu. Kullum sai in ce gobe in ban ga motsinsa ba zan yi magana." Ya ɗago ya dube ni, idanunsa sun yi ja saboda sanyi. "Mutumin da muka yi shekara talatin muna shan giya tare. To wa kike so in ba mabuɗin? Wanda bai san yadda abin yake ba? Tashe ni, gwiwata ta riƙe."

Na kama shi ta hammata na ɗaga. Bai fi nauyin yaro ba.

Sai ƙarshen Maris shukar ta motsa. Jijiya ɗaya a cikin biyar ba ta taɓa farfaɗowa ba, ta bushe ƙayau har ya sa na cire ta. Sauran huɗun idanunsu suka kumbura suka fashe. Abin da ya fi ba shi mamaki, wasu sababbi guda uku da suka ɓullo daga cikin ƙasa, jajaye masu duhu, masu kauri kamar fensir. Ya sa na kawo tabarau ɗinsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "'Yar banza. Ashe da ƙarfinta take ta wahalar da mutane."

Tana hawa yana sauka. A cikin Afrilu ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ya daina sauka titi, ni nake yi masa cefane, kifi da tofu, wato awara, da ɗan lemo. Rabin abin da na dafa yake ci. Barci ma a zaune yake yi, don in ya kwanta numfashi yana ƙwace masa. Na roƙe shi ya bari in kira Yoshimi, ya ce in na kira ta zai karɓe mabuɗinsa, na ce ai abin da nake nema ke nan, ya yi dariya har ta zama tari.

Aikin shukar ya dawo hannuna, shi yana zaune a baranda yana ba da umarni. Na barbaɗa mata takin tunkuza, na jera faffaɗan duwatsu a gindinta don saiwar ba ta son zafin rana. Da sassafe ina bi da tsinken cin abinci ina tsince dodon koɗi, irin tsirarun nan, don dare ɗaya suna iya gamawa da toho. Tohon kuma ba ya jiran kowa, yini guda sai ya ƙara tsawon yatsa, yana lilo a iska yana neman abin kamawa. Sai an bi shi an ɗaure a jikin gora, a kwance-kwance, kada ya sake gudu sama.

"Sassauta igiyar. Ba ɓarawo kika kama ba."

"To ka zo ka yi da kanka."

"A hankali, nan wurin gautsi gare shi. Fusae, a hank..."

Ya karye a hannuna, mafi tsawo a cikinsu. Na tsaya riƙe da shi kamar in yi kuka.

"Hannu kamar na mai fasa itace," in ji shi. "Bar shi. Biyu za su fito a wurin. Ni da na yanke ta gaba ɗaya ma ba ta yi fushi ba."

Biyun kuwa suka fito. Ta yi fure a ƙarshen Yuni, tun daga gwiwa har saman shingen, fari tas mai kunne shida, tsakiyarsa kamar an tsoma a shuni. Na ƙirga sittin na gaji na bari. Amma wannan ni kaɗai na gani.

Ran sha tara ga Mayu labulen ya buɗu bakwai daidai. Ya ɗaga yatsu biyu, na ɗaga masa ludayi. Hankalina ya kwanta, na shiga wanki.

Wajen tara na dawo kicin na hange shi a baranda. Yana zaune a inda ya saba, kafaɗarsa jingine da ginshiƙi, ƙafafunsa a waje a kan dutsen hawa, hularsa ta ɗan rufe fuskar. Kofin shayi a gefensa. Na ce yana shan hantsi.

Goma saura na sake dubawa. Yana nan yadda yake. Hannunsa na dama yana kan cinya, tafin yana kallon sama. Wani abu ya taɓa ni a ƙirji, na ce wa raina a'a, ai labule ya buɗu. Abin da muka yi da shi ke nan, labule. Mutumin da ba ya samun barci da dare, in ya samu da rana ai tashinsa mugunta ne. Na ɗauki tsintsiya na share ɗakin da na riga na share.

Goma da rabi na sa takalmi, na kai har ƙofa, na cire. Na dawo taga na kafa masa ido ko zan ga rigar tana ɗagawa. Daga nan ba a iya ganewa. Da na zuge gilashin na kira sunansa da ya ji, tsakaninmu bai fi tsawon gora biyu ba. Na ɗora hannu a kan gilashin. Abin da na ji tsoro shi ne in kira ya ƙi amsawa, don muddin ban kira ba barci yake yi. Na wanke shinkafar rana sau biyar, har ruwan ya fita garau.

Sha biyu saura ashirin hadari ya taso daga teku, aka fara yayyafi. Ina kallo ɗigon ya fara sauka a kan dutsen, sannan a kan ƙafafunsa, farar safarsa tana yin duhu. Baba Tokuji, mutumin da ke tsawata wa kowa a kan taka tabarma da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Bai janye su ba.

Ban san lokacin da na fita ba takalmi ba.

Idonsa a buɗe yake a ƙarƙashin hular. Leɓɓansa sun yi shuɗi, numfashin yana fita gajere-gajere da wata ƙara kamar ana tafasa ruwa a nesa. Na kama ƙafafun na jawo su ciki, sanyi ƙalau, da nauyi kamar ba nasa ba.

"Kin daɗe," ya ce. Sai da na kai kunne bakinsa na ji.

"Baba, na zaci barci kake."

"Ina ganinki. Kina ta... wanke shinkafa."

Na ciro waya daga aljihun zanen girkina na kira motar asibiti. Matar da ta ɗauka ta tambayi adireshi, na faɗa, ta ce mota za ta tsaya a titi, mutane za su hawo da ƙafa, in bar shi a zaune kada in kwantar da shi. Na ce to. Na yunƙura zan shiga in ɗauko bargo, sai ya riƙe bakin zanena da yatsu biyu.

"Kada ki shiga."

"Bargo kawai zan ɗauko."

"Zauna."

Duk jikina yana ce min in tashi. Akwai dalilai masu kyau: in sauka in tare su a hanya kada su ɓata, in buɗe ƙofar gaba, in nemo katin asibitinsa. Na ji ƙafafuna suna shirin tafiya da kansu, kamar wancan karon. Sai na zauna a kansu. Na zagaya bayansa na jingina shi da ƙirjina, na cire rigar sanyina na rufa masa. Kansa yana warin sabulu.

"Tsoro nake ji, Fusae."

"Ni ma."

"Ke ai... kullum."

Na ji kafaɗarsa ta ɗan motsa, ina jin dariya ce. Ruwan ya ƙaru, yana zuba daga indararo. Sai na shiga ba shi labarin banza, cewa mai kifi ya ce bana ba a samu da yawa ba, cewa kyanwar haikali ta haihu a cikin akwatin takalma. Can ƙasa na ji jiniya ta zo ta tsaya. Na fara ƙirga matakalar a zuciyata tare da su. Numfashinsa yana yi yana tsayawa, in ya tsaya sai in daina nawa har ya dawo. A wajen mataki na ɗari da ashirin, daidai ƙofar Mukai a lissafina, ya tsaya, na jira, bai dawo ba.

Ban sake shi ba. Da samari uku na motar asibitin suka shigo, jiƙe sharkaf suna haki, sai da ɗayansu ya durƙusa ya ce, "Inna, mun karɓe ki," ya ɓamɓare yatsuna daga rigarsa ɗaya bayan ɗaya. Sun yi abin da za su iya a nan kan baranda, suka sauka da shi. A asibiti likita ya rubuta lokacin rasuwa.

Yoshimi ta iso da jirgin ƙasa na yamma. Kwana biyu muna tare a haikali wurin zaman makoki amma ba mu yi wata magana ba sai gaisuwa da godiya, tana ta sunkuya wa mutane. Ran na uku, bayan an dawo daga wurin ƙona gawar, kamar yadda ake yi a nan, wajen la'asar, ta ƙwanƙwasa ƙofata. Tana sanye da baƙaƙen kayanta, gashinta ya fara furfura a gefe. Rabona da ita a gidana tun tana 'yar makaranta.

Na dafa mata shinkafa da miyar miso, ta waken suya. Ta zauna a gaban tebur ba ta taɓa ba.

"Yaya Fusae, likita ya ce abin ya ɗauki sa'o'i. Ke kika gan shi. Tun yaushe yake zaune a wurin?"

Da zan ce ban sani ba, da ba mai ƙaryata ni. Na ajiye butar shayin.

"Tun tara na gan shi. Sha biyu saura ashirin na je. Ina tsaye a tagar can ina kallonsa, na san akwai abin da ba daidai ba, tsoro ya hana ni. Ban sani ba ko da na je da wuri da yanzu yana nan. Na tambayi likitan, ya ce shi ma ba zai iya cewa ba."

Ta juya ta dubi tagar, ta daɗe. Ina jiran duk abin da za ta faɗa, kuma na shirya karɓarsa.

"Ya yi magana?"

"Ya yi. Ya ce na daɗe. Ya ce yana jin tsoro, ya ce in zauna."

"Kika zauna?"

"Na zauna."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗauki tsinkayen cin abinci ta daidaita su, ta mayar ta ajiye.

"Rabona da kiran shi tun sabuwar shekara," ta ce. "Kullum in na ɗauki wayar sai in tuna yadda muryarsa ta koma, sai in ce bari sai Lahadi."

Na tashi na shiga kicin in sake ɗumama miyar, na daɗe fiye da yadda aikin yake bukata. Da na dawo ta zame ta kwanta a gefen tebur a kan tabarma, da baƙar rigarta da komai, hannu ɗaya a ƙarƙashin kunci. Barci ya ɗauke ta, bakinta a ɗan buɗe. Na ajiye kwanon a hankali, na ɗauko bargo. Safarta ta dama ta huje a diddige, fatar wurin ta yi ja saboda hawan matakala da takalmin da ba ta saba da shi ba. Na rufe mata ƙafafun, na zauna a gefenta, miyar tana huci a kan tebur.